Muryar Baba a Kan Bulo Biyu

Makerar Gandu,
Birnin Kebbi.
Afrilu, 2012.

Zuwa ga Yayana Abdulmuhaimin,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Ni'imatullahi da ɗana Zulkifli. Allah ya buɗa maka karatu, ya sa ka gama da albarka, ya maido mana da ku gida muna raye kuna raye. Yaya zafin Kartum? Na ji kana cewa a waya naku ya fi namu, ni dai ban yarda ba, don mu nan bana ko tabarma ka taka da azahar sai ka ɗaga ƙafa.

Mutanen gida kowa lafiya, alhamdu lillahi. Yaya Balaraba ta zo daga Zauro ranar kasuwa, ta ce shinkafar rani ta yi kyau, sai dai tsuntsaye sun hana maigidanta zama, kullum yana fadama da gwangwani yana kaɗawa. Kawu Riskuwa ya ƙarasa ta da katangar gidan Gulma, ya ce in gaya maka ɗakinka yana nan in ka tashi dawowa. Maigidana Abdussamadu yana Argungu wurin aikinsa na koyarwa. Ya aiko mana da busasshen kifi tare da tambayar yaushe zan koma ɗakina. Na karɓi kifin, tambayar kuwa har yanzu ban ba shi amsarta ba, kuma in ka karanta abin da ke ƙasa za ka gane dalili.

Kada ka yi mamakin ganin takarda da hannu alhali ga waya. Ka san Goggo, tun da idonta ya tafi kunnenta ya ninka. In na shiga bayan ɗaki na yi magana ƙasa-ƙasa, ina fitowa za ta tambaye ni me na ce wa Abdulmuhaimin game da ita. Akwai maganar da ba na iya yi tana ji, shi ya sa da na samu labarin ɗan Kawu zai koma karatu wajenku na ce bari in zauna in rubuta maka komai a tsanake.

Maganar 'yar ƙaramar kwamfutar nan ce baƙa da ka bar mana, wadda ka zauna ka juye kaset-kaset ɗin karatun Baba a cikinta kafin ka tafi. Ka san kaset ɗin su kansu suna gidan Kawu lokacin da gulbi ya cika ya shiga Gulma, ko guda ba a tsira da shi ba. To tun da Allah ya karɓi ran Baba bara, duk abin da ya rage na muryarsa a duniya yana cikin wannan 'yar abar da ba ta kai faifai faɗi ba. Ni ban san nauyin haka ba sai yanzu.

Ba ka nan aka yi zaman makoki, don haka ba ka ga yadda Goggo ta koma ba. Ita ta goya Baba, ita ta goya mu bayan rasuwar Inna, ba ta taɓa zaton ƙanenta zai riga ta ba. Ta daina cin abinci, ta daina magana, har muka fara tsorata. Wata safiya na kunna mata karatunsa don in ga ko za ta motsa, sai Allah ya sa na faɗa kan wani na zaure wanda aka manta ba a kashe rikoda ba bayan ɗalibai sun watse. A ƙarshensa ana jin ƙarar takalminsa, ana jin gyaran muryarsa, sai ya ɗaga murya yana kiran Goggo da Yaya, yana tambayar ko an dama furar. Daga can cikin gida ana jiyo Goggo tana ce masa ya yi haƙuri mana, shi ba ɗan yaye ba ne. Sai ya yi dariyar nan tasa mai tari a ƙarshe. Yaya, ranar Goggo ta yi kuka, ta yi dariya, ta sha fura har ta nemi ƙari. Tun daga nan abin ya zama ƙa'ida. Kullum da hantsi sai ta dama fura da hannunta, in kunna mata wannan karatun, ta saurara tun daga bisimilla har zuwa wurin dariyar, sannan ta sha. Sauran karatuttukan ba ta ƙi su ba, amma wannan ne abincinta.

Ka kuma san halinta da girmama duk abin da aya ta taɓa. Ranar da ta gane akwai ayoyi a cikin kwamfutar ta hana a ajiye ta a ƙasa ko a kan tebur tsirara. Ta sa aka ɗauko matashin Baba mai audugar rimi aka ɗora ta a kai, ta naɗe ta da tsohon rawaninsa, fuskar kawai ake buɗewa. Ba mai taɓa ta sai da alwala, ranakun da ba na salla da gefen mayafi nake danna ta. Safe da yamma kuma ga kaskon turaren wuta a gefenta, kajiji da sandal irin wanda take haɗawa da kanta, hayaƙin yana bin ta ta ko'ina. Ni ma abin ya yi mini kyau a ido, ɗakin ya zama kamar Baba ya fita masallaci zai dawo.

Da zafin nan ya kankama sai abu ya canja rana ɗaya. Na danna ta da safe, ta ƙi tashi da wuri. Na ɗora ruwa, na share tsakar gida, na dawo, tana nan tana tunani. Da ta buɗe kuma, 'yar kibiyar nan sai in ja ta dama ta tsaya, sai na cire hannu ta yi tsalle ta tafi inda ta ga dama. In na danna karatun sai wani ɗan zobe ya fito yana ta juyawa, yana juyawa, ni ina kallonsa, Goggo tana riƙe da ludayi tana tambayata ko Malami, kamar yadda take kiran Baba, bai tashi ba ne. Da ƙyar muryar ta fito, kuma da ta fito ban so ba. Baba yana tsakiyar jan aya sai ya maƙale a kalma ɗaya yana ta maimaita ta, ya yi shiru, ya sake kamawa daga wani wuri. Goggo kuwa ta ce haka ya riƙa yi a ciwonsa na ƙarshe in sanyi ya kama shi, ta lalubo bargonsa ta ƙara a kan rawanin, a cikin wannan zafi da ko ƙadangare ya nemi inuwa.

Babu abin da ka koya mini da ban gwada ba. Na kashe na kunna har na gaji. Na cire batir na mayar. Na danna maɓallan nan uku tare kamar yadda ka nuna mini, akwatin da ya kamata ya fito shi ma sai da ya sha hutunsa kafin ya leƙo, kuma ban ga wani abu da ya buɗe da zan rufe ba. Na ce ko ta cika ne, na goge hotunan bikina kaf, na goge wasan kartar da kake ɓata lokaci da shi kana ce mana bincike kake yi. Na sa abin farautar bairos ya yi yini guda yana lalube, ya dawo ya ce bai ga kowa ba. Duk wannan ina yi ne a zaune gaban Goggo, don ba ta yarda a fita da ita daga ɗakin, tana jin kowane danni tana tambayar ko ya samu sauƙi.

Da na rasa dabara na ce zan kai ta shagon Izuchukwu, ɗan gidan mai kemis na bakin titinmu, wanda kuka yi ƙwallo tare, yanzu shi ke gyaran kwamfuta a kasuwa. Goggo ta ce sam. Ta ce Malami bai yi zaman kasuwa da ransa ba, ba kuwa za a ɗora shi a kabu-kabu a kai shi yanzu ba. Na yi lallashi, na yi fushi, na kira Yaya Balaraba ta sa baki, daga ƙarshe ta yarda a fito da ita zaure kawai, tun da nan ne wurin zamansa. Izu ya zo da jakar kayan aikinsa. Kafin in buɗe baki ya nemi buta ya wanke hannu, ya ce a layin nan ya tashi, ya san dokar Goggo tun yana satar mangwaronta. Kabancinsa ya fi nawa, in kana jin sa daga bayan katanga sai ka rantse haifaffen unguwar Takalau ne.

Shi ma da farko bairos ya zarga. Amma da ya sa hannu a ƙarƙashinta sai ya janye da sauri, ya tambaye ni a kan me muke ɗora ta. Na gaya masa. Sai ya kwance 'yan kusoshinta ya buɗe cikin. Yaya, zauren nan gaba ɗaya sai da ya ɗauki ƙamshin kajiji. Ashe akwai wata 'yar fanka a ciki mai fitar da zafi, hayaƙin turare ya bi ta ya daskare kamar ƙaro, zaren rawani da audugar matashi sun manne a kai, ko motsi ba ta yi. 'Yan ƙofofin da iska ke bi kuma duk matashin ya toshe su. Ya ce in irin wannan na'ura ta ji zafi ya yi mata yawa sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, nauyin da nake gani ke nan. Ya yi dariya ya ce tun da ya fara aikin nan bai taɓa buɗe kwamfuta mai ƙamshin ɗakin amarya ba. Ni ma na yi dariyar, har na fara cewa alhamdu lillahi, abu ya zo da sauƙi.

Ya goge fankar ta koma juyawa, ya mayar da komai ya kunna. Sai na ga ya kara kunnensa a jikinta, fuskarsa ta canja. Ya ce in saurara. Akwai wani ɗan sauti ƙas, ƙas, ƙas, can ciki. Ya ce rumbun da take ajiye komai ne, zafin ya daɗe yana dafa shi, ya kusa gamawa. Fanka ana gyarawa, wannan ba a gyara shi, sai dai a kwashe abin da ke ciki tun yana numfashi. Ya ce daga yanzu kowace kunnawa tana rage masa kwana, kuma ba wanda zai iya ce mini saura nawa.

Nan take muka shiga kwasa. Ya ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta bi ta ƙasa, muka juyo mata fankar tsaye, maƙwabcinmu ya ba mu aron janareta don kada wuta ta yanke mana a tsakiya. Ya jona wani rumbun na waje, karatuttukan suka fara wucewa ɗaya bayan ɗaya, a hankali kamar mai ciwon ƙafa. Ina zaune ina ta salati. Mafi yawansu sun fita lafiya, wannan kam ka gode wa Allah, tafsirin azumi duk yana hannunmu. Amma da aka zo kan na Goggo sai ya tafi rabi ya tsaya. Izu ya sake, ya tsaya a wuri ɗaya. Ya sake, sautin ƙas-ƙas ɗin ya ƙaru, sai ya kashe ta da sauri ya ce ba zai ƙara ba. A ganinsa wurin da aka fi karantawa kullum cikin zafi shi ya fi jin jiki. Rabin da ya fito karatu ne zalla. Takalmin, da kiran Yaya, da dariyar, duk suna can ciki.

Washegari da hantsi Goggo ta dama fura ta ce a shigo da Malami. Na kunna mata wani karatun daga cikin waɗanda aka kwashe, a wayata. Ta saurara har ƙarshe, ta ce wannan ai bai tambayi furarsa ba. Na ce wuta ce ba ta da ƙarfi. Kashegari na ce caja ce. Rana ta gaba na rasa ƙaryar da zan yi, ga furar tana tsami a kwano ba ta sha. Na shiga tsaka mai wuya, Yaya. In na kunna mata, ina kashe abin da hannuna. In na hana ta, ina kallonta tana komawa yadda take a zaman makoki. In kuma na gaya mata gaskiya, to na ce mata ita ce ta yi, da rawaninta da turarenta da duk ƙaunar da ta iya nunawa. Na ji haushinka a ranar, ba zan ɓoye maka ba. Kai ka kawo abin gidan nan, ka hau jirgi ka bar ni da shi.

Ita ta raba gardamar. Ta ce in kai ta zaure. Na riƙe hannunta muka je, ta durƙusa ta lalubi kwamfutar, ta ji ta a kan bulo, ba matashi ba rawani. Ta tambaye ni wa ya tuɓe shi ya ajiye shi haka. Sai na gaya mata komai, ina kuka ina faɗa, na yi ta cewa zafin bana ne ya fi yawa. Ta bar ni na gama. Sai ta tambaya, a hankali, ko da ba ta rufe shi ba da bai kamu ba. Na sake kawo zancen zafin bana, ita kuma ta gane. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta koma ɗaki ta ninke rawanin da bargon ta sa a ƙasan adaka, ta ba ni kaskon ta ce in kai madafa. Tun ranar gidan nan bai sake ƙamshin turare ba.

To ga inda muka tsaya, kuma nan nake neman ka. Izu ya ce hanya biyu ce. Ko dai a cire rumbun yadda yake, kada a sake kunna shi, ya aika wa wani maigidansa a Legas mai na'urar da ke iya tsamo abu daga irin wannan. Zai ɗauki watanni, kuma zai iya dawowa wayam. Ko kuma mu kunna ta sau ɗaya a nan, mu tsallake wurin da ya lalace mu je ƙarshen karatun kai tsaye, in kara wayata a bakinta in ɗauki muryar tana fita. In ta yarda ta tashi, shi ke nan mun samu a ranar. In kuwa ta mutu a wannan kunnawar, ya ce ko na Legas ɗin ba lalle ya samu abin tsamowa ba. Na tambaye shi wanne zai zaɓa in nasa ne, ya ce Allah ya kiyaye ya zaɓa wa Goggo. Yaya Balaraba ta ce duk abin da ka ce. Kawu ya ce shi kaset ma bai iya tsare su ba, kada a sa shi a ciki. Goggo ta ce hannunta ya yi abin da ya yi, ba za ta ƙara ba, a tambayi Abdulmuhaimin, shi ne babba, shi ya zuba Malami a ciki.

Ni kuma ga ni nan, ba gaba ba baya. Ba na iya komawa Argungu in bar ta haka, ko kasuwa na je hankalina yana zaure, kada wani baƙo ya shigo ya danna abin da bai sani ba. Na kulle ƙofar waje, yanzu ta ƙofar baya ake shigowa gidan da Baba bai taɓa rufe zaurensa ba. Abdussamadu mutum ne mai haƙuri, amma na fara jin gajiya a muryarsa, kuma ban ga laifinsa ba. Sannan ga abin da nake tsoro ban faɗa wa kowa ba sai kai. Watannin Legas ɗin nan, ban san ko Goggo tana da su ba. Ta rame ƙwarai.

Don Allah ka duba kayanka da kyau. Na tuna ka ce filashin da ka kwafi karatu ka tafi da shi ƙarami ne, tafsiri kaɗan ka ɗiba, amma ka sake dubawa, ko Allah ya sa wannan ya bi ka ba ka sani ba. In babu, to ka yi istihara ka kira ni. Kada ka ce mini in yi abin da na ga ya dace, na riga na duba ban ga komai ba. Ka faɗi ɗaya, Legas ko kunnawa, ni kuma zan yi, kuma duk abin da ya biyo baya ba zan taɓa ɗora maka ba.

Ka gaida Anti Ni'imatullahi da kyau, ka ce mata daddawar da ta roƙa tana cikin ƙullin da ke tare da takardar nan. Ka shafa mini kan Zulkifli, ka riƙa yi masa Hausa kada ya dawo mana Balarabe. Yaya Balaraba da maigidanta suna gaishe ku, haka Kawu Riskuwa da mutanen Gulma, da Abdussamadu. Izu ya ce in ce maka har yanzu shi ya fi ka ƙwallo.

Goggo ma tana gaishe ka, ta sa maka albarka. Kullum da hantsi tana nan tana dama furarta, in kai ta zaure ta zauna kusa da bulon, ba ta taɓawa, ba ta cewa a kunna. Sai ta yi shiru daidai tsawon karatun, don ta haddace shi. Yau da safe ina tsaye a bakin ƙofa, da lokacin ya yi na ji ta ce masa ya yi haƙuri mana, an dama. Ta ɗan jira. Sannan ta miƙo mini kwanon ta ce in shanye kada ta lalace.

Ka kira da wuri, Yaya.

Taka ƙanwa mai jiran amsarka,
Humaira Malami.